Layukan Saman Tsauni

Ni ce ta farko a ƙauyenmu da ta karanta ilimin muhalli a jami'a, kuma ni ce na jawo ruwa ya kwashe gonar mahaifina. Na daɗe ina neman wanda zan raba laifin nan da shi. Na gwada injiniya, na gwada direbobin tifa, na gwada ruwan saman kansa, duk sai abin ya zagayo ya tsaya a kaina.

Sunana Ƙauna Philemon. Ƙauyenmu yana jikin tsauni, sama da Sahuda, inda in gari ya waye sarai kana hango gonakin Kamaru. Shimfiɗaɗɗen fili ba mu da shi. Abin da kakanninmu suka yi shi ne suka jera duwatsu a jikin gangaren, hawa-hawa, kowane jeri ya kai gwiwa ko ƙugu, ƙasa ta taru a bayansa ta zama ɗan fagen da za a shuka dawa da gyaɗa da wake. Da yarenmu abin yana da sunansa, amma da Hausa layi kawai muke cewa. Gonar Baba layi goma sha ɗaya ce, a tsakiyar gangaren. Da ita aka ciyar da mu, da gyaɗarta kuma na yi karatu.

Kowace shekara a watan Afrilu, kafin ruwan farko, Baba ne ke kiran gayyar gyaran layi. Ba sarauta ba ce, ba wanda ya naɗa shi. Hannunsa ne kawai ya fi na kowa sanin inda dutse zai zauna. Kuma kullum daga can ƙololuwa ake farawa, daga layukan da ba wanda ya noma tun ina goye, masu su sun mutu ko sun sauko gari. Maza su yi kwana biyu cur suna gyaran gonar da ba ta da mai ita, ciyawa da ƙaya kawai, sannan a gangaro kan ta masu rai. Ina yarinya na tambayi Baba dalili, ya ce, "Haka muka tarar." Baba ba mai dogon bayani ba ne. Na ɗauki amsar na ajiye ta cikin abubuwan da tsofaffi ke yi don girmama matattu, ban sake waiwayarta ba.

Ni lauya na so zama, don tun ina firamare ba a kayar da ni a gardama. Da sunaye suka fito a jami'ar da ke nan Mubi, sai na ga an jefa ni sashen tsara manufofin muhalli. Na yi kuka kwana biyu. Ƙanen Baba, Bappa Zacharia, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya zo har gida ya yi min jaje.

"Shekara huɗu za ki yi kina koyon shara?" in ji shi. "Ai da kin zo gidana na koya miki a sati ɗaya."

Baba bai yi dariya ba. Ya tambaye ni ko karatun ya shafi ƙasa da ruwa, na ce haka aka ce. Ya ce to in je, ai abin da muke ci ke nan.

Kafin shekara ta zagayo na kamu da son abin. Mun karanta dokokin muhalli, da yadda ake auna illar aiki tun kafin a sa harsashinsa, da yadda ake zana taswira a kwamfuta daga hoton tauraron ɗan adam. Wannan na ƙarshe shi ya fi burge ni. Kana zaune a aji ƙarƙashin fanka, ga tsauni guda a gabanka, ka raba shi kala-kala: nan noma, nan kiwo, nan daji, nan ƙasar da ba a amfani da ita. Na ƙware har malaminmu kan ce in taimaka wa 'yan bayanmu. Malamai suna ta lissafa mana inda za mu ƙare, ma'aikatar gwamnati, ƙungiyoyin agaji, kamfanonin gine-gine, har ƙasar waje. Kowa cikinmu ya zaɓi ofishinsa a zuci, ni har kalar labulen taga na zaɓa.

Bayan bautar ƙasa sai muka ga yadda abin yake. Ƙawata Adiza, wadda muka yi ɗaki ɗaya da ita, ta samu shiga ma'aikata a Yola. Wani ya tafi Michika yana raba murhun da ba ya cin itace da yawa. Wanda ya fi mu maki kuwa keke mai ƙafa uku yake ja tsakanin unguwar Yelwa da kasuwa, in ya ɗauko ni mu yi ta hirar sauyin yanayi yana kauce wa ramuka. Ni kuma na yi shekara biyu ina koyar da 'yan firamare a wata makarantar kuɗi a Yelwa, ina hayar ɗaki ɗaya a bayan shagon tela. Duk zuwana gida sai Bappa ya tambaye ni ko an fara sharar. Ina dariya, amma abin yana ci min rai.

Sai ga aiki ya faɗo. A bayan wata unguwa cikin gari zaizayar ƙasa ta haƙa kwazazzabo mai zurfin gaske, kowace damina yana cin katangu, har ya fara cin ɗakuna, kafin ruwansa ya zube cikin mayo, wato kogi. Wani kamfani ya samu kwangilar tare shi, masu ɗaukar nauyin aikin kuma suka ce dole a ɗauki jami'in muhalli da zai sa hannu a kan komai. Aka ɗauke ni. Aka ba ni farar hular kwano, da riga mai ƙyalli, da kujera a cikin kwantenar da ake kira ofis. Shugaban aikin, Injiniya Abbagana, ɗan asalin Barno ne da aka haifa a Mubi, mai fara'a, mai son aiki ya yi sauri. Tun ranar farko ya raɗa min suna Madam Muhalli.

Ranar wata kasuwa Baba ya sauko sayar da wake, ya biyo ta wurin aikin bai sanar da ni ba. Na hango shi can gefe, buhunsa a naɗe a hammata, yana kallona ina ba leburori umarni. Da na je wurinsa sai ya cire hularsa kafin ya amsa gaisuwata. Na ce, "Baba, mene ne haka?" Ya ce zafi ne. Ranar nan kaina ya kumbura sosai, ba zan ɓoye ba.

Yadda za a tare kwazazzabon shi ne a saƙa manyan kwanduna na waya, a cika su da duwatsu, a jera su a bakinsa da cikinsa. Gabiyon injiniyoyi ke ce musu. Duwatsun da ake so ba tsakuwa ba ne, ba kuma manya ba, irin waɗanda mutum zai ɗauka da hannu biyu. Kamfani ya shirya sayo su daga wani wurin fasa dutse mai nisa. Ina ganin haka a takarda wani tunani ya faɗo min, na ji kamar ni kaɗai Allah ya ba wa basira a garin. A cikin sharuɗɗan aikin akwai inda aka ce a amfanar da mutanen yankin. Mu kuwa me muke da shi in ba dutse ba?

"Oga, me zai kai mu nesa?" na ce wa Abbagana. "Ƙauyenmu dutse ne tun daga ƙasa har sama. Mutane su tara, mu saya a hannunsu."

Ya ture hularsa baya. "Madam Muhalli, ni dai ki ba ni duwatsu daidai sayis ɗin da nake so, kuma kar wani ya zo gobe ya ce mun ɓata masa wuri. Ke ce mai biro. In kin sa hannu, ni tifa kawai zan tura."

"Zan duba," na ce.

Na kuwa duba, irin dubawar da na fi iyawa. Na buɗe kwamfuta na jawo hoton tsauninmu. Ga rufin cocinmu, ga gonar Baba layi-layi gwanin kyau, can sama kuma launin ciyawa da ƙaya. Na zagaye saman da jan zane, na rubuta masa: ƙasar da ba a amfani da ita. Daga Mubi zuwa gida bai fi awa ɗaya ba a babur. Ban hau ba, don a ganina na san wurin, ai a can aka haife ni. Har yau in na tuna wannan sai in ji kunya ta rufe ni ko da ni kaɗai ce a ɗaki.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada aka tara mutane a gindin tsamiyar coci. Na zo a motar kamfani da hular kwanona, ko da yake ba abin da zai faɗo min a ka a wurin. Na yi bayani da Hausa don wakilin kamfani ya ji. Na ce za a sayi duk dutsen da ke zube a jikin tsauni, tifa za ta tsaya a gindi, kowa ya kawo nasa. Mata suka rangaɗa guɗa. Shekarar ta zo da tsadar taki, ba wanda ba ya neman abin da zai kama.

Bappa Zacharia ya miƙe, shi ma da Hausarsa. "Yarinyan mu, tsaya mu gane. Dutse na zube ai babu yawa, kakanni sun riga sun tsince. Wanda motan ku yana so, shi ne na cikin layi. To layi na sama fa, wanda babu mai noma? A taɓa ko kar a taɓa?"

Gaskiya ya faɗa, kuma tambaya ce mai kyau. Da na ce a ba ni sati ɗaya in hau in gani, ba wanda zai ce na gaza. Amma mutum sama da ɗari sun zuba min ido, ga wakilin kamfani yana rubutu, ga Bappa da ya yi shekaru yana min tsiyar shara yau yana tsaye yana neman izinina. Na ji daɗin abin, daɗin kuma ya riga hankalina magana.

"Layin da ake nomawa kar wanda ya taɓa," na ce. "Na sama da aka bari, ba laifi, a kwashe."

Sai na ga kawuna suna juyawa, ba wajena ba, wajen Baba, yana zaune a kan benci da sandarsa tsakanin gwiwoyi. Ya ɗago ya dube ni, ya yi magana da yarenmu a hankali.

"Ƙauna, kin duba?"

"Na duba, Baba."

"Har can sama?"

"Har can sama. Muna da na'urar da ke nuna komai."

Ya gyaɗa kai. Wani dattijon coci ya ce, "Philemon, kai muke saurare." Baba ya ce, "Ta ce ta duba." Da wannan aka watse.

Sati shida aka yi ana saukar da dutse. Samari suna warware layukan sama, mata suna ɗauka a ka, masu jaki suna lodi a mangala. Abin da kakanni suka yi shekara da shekaru suna tsincewa suna jerawa ya zo daidai sayis ɗin da Abbagana ke so, ba sai an fasa ba. Ya yi ta yaba min. Masu ɗaukar nauyin aiki suka zo dubawa, na kai su gindin tsaunin, suka ɗauki hoton matan ƙauyenmu da duwatsu a ka suna murmushi. Wata daga cikinsu ta ce irin wannan suke so su gani a ko'ina. Aka gayyace ni taro a Yola in yi bayanin yadda na yi, Adiza tana kujerar gaba tana min tafi.

Baba bai sayar da dutse ko ɗaya ba, bai kuma hana kowa ba. Ana cikin aikin na je gida bikin Ista. Muna zaune a ƙofar gida da yamma, ya daɗe yana kallon tsaunin.

"Saman ya yi haske," in ji shi.

Na ɗaga kai. Inda layukan suke a da sai jajayen zane a jikin ƙasa, kamar kan da aka yi wa aski da dakusasshiyar aska. A lokacin akwai sauran layi huɗu ko biyar can ƙololuwa da ba a kai gare su ba, kuma kalma ɗaya daga bakina ta isa ta tsayar da tifa. Na tuna hoton matan da aka manna a bangon ofis, na tuna kwandunan da suka rage ba a cika ba.

"Ciyawa za ta rufe shi da ruwan farko, Baba," na ce.

Ya ce, "To."

Ya kira gayya a shekarar kamar kullum, sai dai daga tsakiya aka fara, don a sama ba abin gyarawa. Ruwan Mayu da Yuni ya zo da sauƙi, ciyawa ta ɗan rufe, na ce a raina ai ga shi nan. Dawar Baba ta yi kyau, duk wanda ya sauko kasuwa sai ya ba ni labarinta.

Sai ranar wata Alhamis a tsakiyar Agusta, wajen la'asar, hadari ya taso daga gabas. Awa uku ana zuba shi ba sassauci. Ina wurin aiki, mun fake a kwantena muna leƙen kwazazzabo. Ruwa ya zo da ƙarfinsa ya bugi kwandunan, ko gezau ba su yi ba. Mutanen unguwa suka fito cikin yayyafi suna ta sa mana albarka, wata tsohuwa da ɗakinta ke bakin ramin ta riƙe hannuna tana hawaye. Abbagana ya ce, "Madam Muhalli, dutsen garinku akwai ƙarfi!" Ina cikin wannan farin cikin wayata ta yi ƙara.

Mama ce. Ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta ce, "Ba wanda ya mutu. Amma ki zo gida gobe."

Da sassafe na hau babur. Tun daga Sahuda na fara ganin laka kwance a kan hanya, da koren karan dawa a cikinta. Mai babur ya sauke ni a gindin tsauni don hanya ta yanke, na ƙarasa da ƙafa.

Ina hawa ina ganin abin da ya faru, ban bukaci kowa ya faɗa min ba. A da, ruwan da ya sauka a ƙololuwa yakan tarar da layi, ya tsaya, ya nutse, abin da ya rage ya gangara a gajiye ya tarar da wani layin. Kafin ya iso gonakin mutane ya zama ruwan shayar da shuka. Yanzu kuwa ya sauko tun daga sama ba abin da ya tare shi, ya haɗa ƙarfinsa wuri guda, ya faɗa kan layukan tsakiya. Dalilin kwana biyun da maza ke yi suna gyaran gonar matattu ke nan. Duk wani ɗalibin shekara ta biyu a sashenmu zai iya zana maka shi a allo. Ni ma na zana shi a jarrabawa, na ci maki mai kyau, amma ban taɓa haɗa shi da tsaunin da ke bayan ɗakin uwata ba.

Gidaje tara abin ya shafa, sai dai gonar Baba ce a daidai hanyar ruwan. Cikin layi goma sha ɗaya, bakwai sun tafi. Ba duwatsun kaɗai ba, ƙasar ma ta tafi, baƙar ƙasar da aka yi ta zuba wa taki tun zamanin kakan Baba. Abin da ya rage falalen dutse ne fari tas, in ka buga fartanya sai ta yi tsalle. Dutse ana iya nemowa a sake jerawa, amma kafin ƙasa ta sake taruwa a bayansa sai an yi shekarun da Baba ba shi da su. A lokacin yana da sittin da bakwai.

Bappa Zacharia ya tare ni a hanya, laka har gwiwarsa. Shi ma gyaɗarsa ta tafi. Na shirya shan zagi, har ina so a yi min. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Da sharar kika koyo da ya fi mana," ya wuce. Maganar cewa shi ya fi kowa sayar da dutse ta zo min har baki, na haɗiye ta. Ya tambaya kafin ya taɓa, ni ce na amsa.

Na tarar da Baba zaune a kan falalen, inda layi na shida yake a da. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar kullum, har da tambayar ya aiki. Nan kuka ya ƙwace min. Kuma da yake ni mai gardama ce tun asali, ko a cikin kukan sai da na nemi mafita.

"Baba, ka san haka za ta faru?"

"Na san ruwa daga sama yake samun ƙarfi."

"To me ya sa ba ka faɗa ba? Ranar nan kowa kai yake kallo. Da ka ce a'a, ba wanda zai taɓa dutse ɗaya."

Na zaci zai ce bai so ya kunyata ni a gaban jama'a ba. Da haka ya faɗa, da na samu inda zan rataya rabin laifin. Ya juya sandarsa a hannu.

"Na tambaye ki, kin ce kin duba," in ji shi. "Ni abin da na sani ubana ne ya nuna min, shi ma nasa ne ya nuna masa. Ba mu da na'ura. Ke kin yi shekara huɗu ana koya miki ƙasa da ruwa. Sai na ce a raina, wataƙila an gano wani abu da bai iso mu ba, wataƙila wahalar banza muke sha a sama duk shekarun nan. In ba don ki fi ni sani ba, me ya sa na tura ki?"

Muka zauna a kan dutsen har rana ta yi zafi Mama ta kira mu.

Na koma Mubi na rubuta rahoto, na faɗi komai da sunana a kai. Abbagana ya karanta, ya sa aka kai wa gidajen tara buhunan masara. Na roƙe shi a mayar da duwatsun. Ya kai ni bakin kwazazzabo ya nuna min su a cikin waya, laka ta riga ta cike tsakaninsu, gidajen mutane suna tsaye a bayansu. "Wanne zan kwance, Madam?" Ban sake tayar da maganar ba. Ba a kore ni ba. Rahoton ya shiga fayil, aikin ya samu yabo, da aka gama ma sai aka ɗauke ni wani a Maiha. Adiza ta ce in daina azabtar da kaina, kowa yana kuskure a aikinsa na farko. Na ce mata na sani, amma nawa a gonar ubana ya faɗa.

Ina aika wa gida abinci duk wata, ba su kwana da yunwa ba. Sai dai Baba mutum ne da bai taɓa cin hatsin da ba shi ya noma ba, Mama ta ce tuwon ma kaɗan yake taɓawa. Wani surukinmu a Sorau ya ba shi aron fili, ya je ya gani, ya dawo ya ce ƙafarsa ba ta saba da irin ƙasar ba.

Da Afrilu ta zagayo na ɗauki hutu na tafi gida da niyyar shiga gayya, ko dutse ɗaya ne in ɗauka da hannuna. Na iso na tarar ba a kira ta ba. Wata ya raba tsakiya, hadari ya fara haɗuwa da yamma, mutane suna ta zuwa tambayar Mama ko Baba lafiya. Ta ce lafiyarsa lau, kullum da safe yakan hau gona, ya tsaya, ya dawo.

Washegari na bi shi. Muka tsaya a kan layi huɗun da suka tsira, can gefe. Sun ɗan zube nan da can, aikin yini ɗaya ne a wurinsa, amma na ga ko dutse ɗaya bai mayar ba. Ya sunkuya ya ɗauki wani, ya jujjuya shi, ya kai shi bakin gurbin, sai ya tsaya. Ya juyo da shi a hannu.

"Dama ke nake jira," ya ce. "Waɗannan huɗun da suka rage, in gyara su yadda muka saba, ko akwai yadda ake yi yanzu?"

Na dubi fuskarsa ina neman gatse, don da gatse ne da na ji sauƙi. Babu ko kaɗan. Da gaske yake tambaya.

"Ka gyara yadda ka saba, Baba," na ce. "Naka ne daidai. Ni ce ban sani ba."

Ya gyaɗa kai, ya sa dutsen a gurbinsa, ya zauna daram. Amma kafin ya ɗauki na biyu sai da ya sake ɗagowa ya dube ni.